Idan Bayan Mota Ya Fara Kuka

 

An ce in tashi in yi magana a kan mota. Na ce ai mota faɗi gare ta, in aka ce a bi ta daga hanci zuwa wutsiya sai mu kwana a nan. Saboda haka na tsinci abu guda ɗaya, watau ƙarar da ke fitowa daga bayan mota. Dalilina kuwa shi ne, mu mazauna Sabo rabin rayuwarmu a kan hanya take. Wani goro zai ɗauko daga Shagamu ya nufi Kano, wani albasa da tumatir zai sauke a Shasha ko Bodija ko Mile 12, wani kuma iyali zai kwasa a je gida Salla. Tsakanin Ilori da Jebba da Mokwa har zuwa Tegina, duk wanda motarsa ta taɓa mutuwa da dare a can ya san abin da nake nufi. Injin in ya ƙi, yawanci sai dai ka tsaya a gefen titi ka yi ta jiran taimako. Amma kayan baya in sun ƙi, a guje suke ƙi, da mutane a ciki.

Akwai wani yaro da na taɓa riƙewa a gareji, daga baya ya koma tuƙin bas. Ya shigo wata rana ya ce mini, "Baba, motar nan in na saka giya sai in ji ƙwal a ƙasa." Na shiga ƙarƙashi na kama farfela, na ji tana wasa a hannuna. Na ce masa kada motar nan ta kwana a hanya sai an canza kuros. Ya ce an riga an yi masa lodi, in ya dawo a yi. Da ƙarar ta dame shi a hanya sai ya ƙure rediyo. Bayan sun haye gadar Jebba kaɗan farfela ta tsinke ta gaba, ta caki kwalta, ta ɗaga bayan motar ta jefa su cikin daji. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma mutum biyu sun karye, shi kuma har yau yana ɗingishi. Kuɗin kuros ɗin nan a lokacin bai kai kuɗin kujerar fasinja biyu ba.

To, kafin komai, sai mutum ya san ta ina motarsa ke ja. Na sha ganin mai Corolla ya zo yana cewa wai an gaya masa bak-aksil ɗinsa ya lalace. Corolla irin waɗanda ke cika titi, da Camry, da Golf, da yawancin Sienna, har da J5, duk da ƙafafun gaba suke ja. Ba su da farfela mai tafiya baya, ba su da tukunyar aksil a baya. In ka ji ƙara a bayan irin waɗannan, laifin bai wuce taya, ko boris, ko birki, ko shokazoba da bushinsa ba. Wanda ya ce maka a buɗe aksil, ko dai bai san aiki ba, ko aljihunka yake wa kallo. Masu ja da baya su ne irin Hiace, da Hilux, da Urvan, da L300, da Marsandi 190 da V-boot, da Fijo 504 da 505, da manyan motoci baki ɗaya. Ita 504 ɗin nan, wadda aka fara haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin Fijo a 1975, ba a daina ba sai 2006, mu da yawa a kanta muka koyi aiki. Amma ita a ƙaramar motar da wagon farfelarta cikin bututu take tafiya, ba ka ganin ta da ido, don haka wasu gwaje-gwajen da zan faɗa sun fi dacewa da bas da a-kori-kura.

Yanzu ku dubi yadda ƙarfin inji ke isa taya. Daga giyabos ya shiga farfela, doguwar sandar nan da ke juyi a ƙarƙashin mota. A kowane bakinta akwai kuros, ƙarfe mai hannu huɗu da ke ba ta damar lanƙwasa idan aksil na hawa da sauka. Doguwar mota farfelarta gaɓa biyu ce, da santa-boris cikin roba yana riƙe da tsakiya. Daga nan ƙarfi ya shiga tukunyar aksil, inda ƙaramin haƙori, finiyon, ke juya babban faifai mai haƙora, kurawun. A cikin kurawun ɗin akwai wasu 'yan ƙananan giyoyi. Aikinsu su bar tayar waje ta fi ta ciki gudu in an sha kwana, don ita ce ke da doguwar hanya. Daga su sai shaf biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, kowanne ya bi ta boris ya isa wili.

Akwai wani ɗan lissafi a nan da nake so kowa ya riƙe, don shi ne rabin aikin. In finiyon yana da haƙori 9, kurawun na da 37, to sai farfela ta juya sau huɗu da 'yan kai kafin taya ta juya sau ɗaya. Ƙananan motoci masu ja da baya galibi a nan wajen suke. Tayar bas kuwa in ta juya sau ɗaya ta ci wajen mita 2. Ke nan a gudun kilomita 80, taya na juyawa kamar sau 11 a daƙiƙa, farfela kuwa wajen sau 45. Shi ya sa ƙarar ɓangaren taya takan zo da kauri, a hankali, har ka iya ƙirga ta in kana tafiya sannu. Ƙarar farfela da finiyon kuwa siririya ce, mai sauri, ba ta ƙirguwa. Kunnen da ya iya raba waɗannan biyu ya huta da yawan kwance-kwance.

In mutum ya kawo mini mota, ba na fara ɗaukar sifana. Mabuɗi nake karɓa mu fita tare, a kashe rediyo, a kwashe tarkacen but, in sa yaro ya zauna a kujerar baya, don ƙara tana bin ƙarfe ta yaudari direba. Abin da nake fara nema shi ne, ƙarar nan inji take bi ko gudun mota? A tsaye a firi, ka taka totur. In ƙarar ta fito, ka bar baya ya huta, matsalarka inji ce ko salansa. In ba ta fito ba, mu hau titi. A wuri miƙaƙƙe marar cunkoso, in ƙarar ta tashi, sai in jefa giya a firi na ɗan lokaci, inji yana aiki. Kada wanda ya kashe inji a kan tafiya, don birki da sitiyari za su yi tauri. Mai otomatik kuma ya ɗaga ƙafa daga totur kawai ya ishe shi. In ƙarar ta ci gaba yadda take, tana raguwa da raguwar gudu, to abin yana wajen taya ko boris. In kuwa ta canza murya da zarar an sauke wa haƙora nauyi, ko ta ɗauke ɗif, to hankalina ya koma kan tukunya da farfela. Daga nan sai in ɗan karkata sitiyari hagu da dama a hankali, in ji ko za ta ƙaru. Taka totur, sakin totur, shan kwana. Da waɗannan kaɗai nakan san inda zan sa hannu kafin mu dawo gareji.

Amma fa a fara da abu mai araha. Farkon abin dubawa notin wili. Wilin da notinsa ya saki yana yin ƙwas-ƙwas a ƙaramin gudu, wani lokaci ya yi shiru in ka taka birki. Wannan ba a kai shi gobe, nan take ake tsayawa. Ya fi faruwa bayan an je wurin mai faci, yaro ya ɗaura da hannu ya manta bai bi da sifana ba.

Sai taya. A nan zan tona wa kaina asiri. Ina saurayi, ina ganin na iya, wani Alhaji ya kawo mini wagon tana gurnani a baya. Na rantse masa aksil ne. Ya sayo wani, muka wuni muna ɗorawa, muka fita gwaji, ƙara tana nan daram. Maigidana ya zo bai ce uffan ba, ya shafa tafin hannunsa a kan tayar baya, ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Tayar ta ci tudu-da-kwari kamar haƙoran zarto, saboda shokazoba ya mutu tana ta tsalle a kan titi. Aka mai da ita gaba, ƙara ta koma gaba. Kunyar ranar ba ta sake ni ba har yau. Alamar ƙarar taya ita ce tana canzawa da canjin hanya: a sabuwar kwalta murya daban, a tsohuwa daban, a kan burji ta ɓace. Boris da haƙori ba ruwansu da irin titin da kake bi. Tayar da ta kumbura a ciki kuma takan yi dum-dum sau ɗaya a kowane juyi, motar na rausaya in ana tafiya sannu. Masu sayen taya tokumbo, ku riƙa karanta lambobi huɗun nan na gefe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Birki shi ma yana ruɗa mutane. Ƙarar gogar ƙarfe da ƙarfe, wadda ke canzawa in ka ɗan taɓa birki ko ka ja na hannu kaɗan, a cikin duram take: ko lainin ya ƙare, ko wani ɗan sifirin ya karye yana yawo. Salansar da robarta ta tsinke tana dukan aksil a gargada. Safaya da ba a ɗaure ba, jak a cikin but, duk na ga an biya kuɗin aiki a kansu.

To, mu zo kan boris na wili. Shi ƙugi yake yi, kamar jirgin sama na wucewa daga nesa. Yakan fara jiyuwa daga wajen kilomita 30 ko 40, yana ƙaruwa da gudu, ko ka taka totur ko ka saki duk ɗaya ne gare shi. In ka karkata hagu nauyin mota ya koma dama, sai ƙugin ya ƙaru, to galibi boris na dama ne. In a karkatar dama ya ƙaru, na hagu ne. Na ce galibi, don haka a tabbatar. Bayan tafiya ka kusantar da bayan hannunka ga tsakiyar wili na kowane gefe, wanda ya fi ɗan'uwansa zafi sosai shi ake tuhuma, ko boris ko birki mai kamewa. A ɗaga motar a juya tayar da hannu, a girgiza ta sama da ƙasa. Haɗarin wannan a irin Hiace da Hilux shi ne, boris ɗin da zoben da aka matse a bayansa su ne ke riƙe da shaf. In sun watse, shaf na iya zarewa waje da taya da duram gaba ɗaya, birki ya tafi tare da su. Zoben nan sabo ake sawa duk lokacin da aka canza boris, da injin matsi ake shigar da shi. Ɗiga masa walda da wasu ke yi don ya zauna, ni ban yarda da shi ba, kuma ba a yin sa a wurina. Manyan motoci gininsu daban ne: in shaf ya karye taya na nan a wurinta, sai dai mota ta ƙi ja.

Farfela kuwa ba ta faɗuwa ba ta yi gargaɗi ba. Tana farawa da 'yar tsuwwa kamar ta ɗan tsako, ciu-ciu-ciu, in kana tashi sannu ko kana ribas. Wannan kuros ne ya bushe, 'yan allurai da ke cikin kofunansa suna neman giris. In ka leƙa za ka ga jan gari kamar tsatsa a bakin kofin. Daga nan sai ƙwal ɗin nan in an saka giya, ko in an saki totur aka sake takawa. Daga ƙarshe sai karkarwa, wadda ba a sitiyari kake jin ta ba, a kujera da ƙasan ƙafa take, madubin ciki yana rawa, sau da yawa tsakanin kilomita 60 zuwa 90. In ta kai nan, ka tuna da yaron da na ba ku labarinsa. Gwajin ba wuya: a kashe inji, a sa weji gaba da baya, giya a firi, a kama farfela kusa da kuros a murɗa, a tura sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya wasa ko kaɗan. Akwai kuma wanda ba ya wasa don ya ƙage, shi sai an sauke farfela a lanƙwasa shi da hannu a ji yana cijewa. Santa-boris in robarsa ta yage, mota takan yi rawa da dukan ƙasa lokacin tashi da kaya.

Samari masu koyo, wannan naku ne. Kafin ku sauke farfela, ku sa alama da fenti ko alli a kowace mahaɗa. An daidaita nauyinta tun daga masana'anta, kuma kunnuwan kuros na gaba da na baya akwai yadda aka jera su. In kun zare ta kuka mayar a karkace da haƙori ɗaya ko biyu, motar da ta zo lafiya za ta fita tana karkarwa, ku yi ta neman laifi a taya. Ƙananan ƙarafan nan da kuke gani an manna a jikinta, na daidaita nauyi ne, ba datti ba ne.

Ba kowane ƙwal ne na kuros ba. Yu-bol da ya saki, santa-bol na sifirin da ya karye, bushin da ya cinye, duk suna barin aksil ya motsa in an tashi ko an taka birki. In ka bi bayan mota ka ga tana tafiya a karkace kamar kare, santa-bol ne ya tafi. Lodi kuma shi ne uban tafiyar. Bas da aka yi don mutum 14 ko 15, a cire kujeru a danƙara buhuna har sama, sifirin ya kwanta, kusurwar farfela ta canza, kuros da boris da haƙora kowa na aikin da ya fi ƙarfinsa. Na san kuɗin mai ya sa kowa na neman cika mota, ban zo in yi wa kowa faɗa ba. Amma wanda ke irin wannan lodi ya san cewa shi ya kamata ya fi kowa yawan shiga ƙarƙashin motarsa.

Yanzu tukunya kanta. Kukanta siriri ne, wiii, kamar fito, kuma yana bin ƙafarka. In sai ka taka totur yake tashi, ka saki ya yi shiru, to haƙoran kurawun da finiyon sun ci, ko ba a daidaita su ba. In kuwa sai ka saki totur mota na gangarawa da giya yake tashi, abin da na fi samu shi ne boris na finiyon ya saki, ko notinsa ya kwance. Ka tambayi mai motar, sau da yawa zai ce maka makon jiya aka canza masa sil na gaban tukunya. Notin nan ba a ɗaure shi da ka. A yawancin ƙananan motoci akwai wani ɗan bututu tsakanin boris biyu da ke lotsewa daidai gwargwado in ana ɗaurewa. Ka wuce ƙima, boris ya ƙone. Ka gaza, finiyon ya riƙa rawa yana cin haƙora. Ƙara mai bugawa a kai a kai kuma, gau, gau, duk bayan 'yan taku, haƙori ne ya ɓalle. In sau ɗaya take a juyin taya, na kurawun ne, in ta fi haka sauri, na finiyon ne. Wannan motar a ja ta, kada a tuƙa ta, don gutsuren in ya shiga tsakanin haƙora yana iya fasa tukunya ko ya kulle tayoyin baya a guje.

In ƙarar a kwana kaɗai take fitowa, a miƙe shiru, to ƙananan giyoyin ciki ne. Abu biyu ke kashe su. Na ɗaya, mota ta kafe a taɓo, direba ya yi ta ba ta wuta, taya ɗaya na wulwulawa ɗaya na tsaye. Na biyu, taya mai girma daban a hagu da dama, wanda ke sa su yi ta juyi ko a miƙaƙƙen titi, daga nan har Kano. Masu Hilux mai ja da ƙafa huɗu, in kun fito daga laka kuka hau kwalta ku cire giyar nan, in ba haka ba za ku ji tana cijewa tana tsalle a kwana ku ɗauka wani abu ya karye.

Daga ƙarshe duk maganar tukunya kan mai take komawa, kuma a nan zaman Kudu ya bambanta da na gida. A Arewa ƙura ce abokiyar gaba, a nan ruwa ne. A saman aksil akwai wani ɗan hanci da yake shaƙar iska. Aksil ya yi zafi da tafiya, ka tsunduma cikin ruwan da ya kwanta a titi, ya huce farat ɗaya, sai ya zuƙi ruwa ta hancin nan ko ta sil. Ba sai an yi irin ambaliyar Ogunpa ta 1980 ko ta 2011 ba, ruwan da ya kai tsakiyar wili ya isa. Ka buɗe ka ga man ya koma fari-fari kamar an dama kunu da madara, a zubar da shi ran nan. In hancin ya toshe da laka kuma, iska ta rasa mafita, sai ta turo mai ta sil ya jiƙa lainin birki. Wilin baya da ka ga ya yi baƙi da maiƙo ta ciki, abu biyu yake gaya maka: mai na raguwa, birki na mutuwa.

Duba man ba ya cin minti goma. Mota a tsaye a wuri daidai, a kwance notin gefe, a zura yatsa, ya kamata ka taɓa mai a bakin ramin. In za a juye, a fara kwance na zubawa kafin na ƙasa, kada ka tsiyaye mai sa'an nan ka tarar na sama ya ƙi kwantuwa. Notin ƙasan a motoci da yawa yana da mayen ƙarfe. In ka ga laushin gari baƙi ya manne masa, ba komai, cin yau da kullum ne. In ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli da za ka iya tsinta da farce, wani abu na watsewa a ciki. Man da ake sawa man giya ne mai lamba GL-5, kamar 80W-90 ko 85W-140, gwargwadon abin da littafin motar ya ce. Warinsa mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai ba lalacewa ba ce, sinadarin da ke hana haƙora cin juna ne. Baƙin man inji, balle wanda aka juye daga wata motar, ba ya iya wannan aiki, don haƙoran nan goga juna suke yi da matsi mai tsanani. Ni motar haya ba na barin ta wuce kilomita 40,000 ba a juye ba, in ta sha ruwa kuwa ba a jira lissafi. Masu shirin sayen mota kuma, ku sa a buɗe muku notin nan kafin ku biya. Akwai masu cusa giris ko garin katako don kuka ya lafa har a gama ciniki.

In ta kai ga gyara, ku sani kurawun da finiyon tagwaye ne, tare aka wasa su a masana'anta. Ba a ɗauko wannan daga Agodi Gate a haɗa da wancan na Ladipo. Ratar da ake bari tsakanin haƙoransu a irin aksil na Hilux milimita 0.13 zuwa 0.18 ce, ba ta kai kaurin takarda biyu ba. Da agogon awo ake saita ta, a shafa fenti a haƙora a ga inda suke taɓa juna. Makaniken da ba shi da waɗannan, gara ya ɗora maka tukunya sukutum ta tokumbo da ya buɗe ya yi maka ƙiyasi. Amma a tabbata yawan haƙoranta ɗaya ne da taka. In tana hannu, a ƙirga. In tana jikin mota, a ɗaga taya ɗaya, ɗayar na ƙasa, giya a firi, a juya ta sau biyu cif ana ƙirga juyin farfela, abin da aka samu shi ne lissafin aksil ɗin. Ka sa wadda ba daidai ba, ko mota ta rasa ƙarfi a tudu ko ta riƙa ihu tana shan mai. A mai ja da ƙafa huɗu kuwa dole na gaba da na baya su zo ɗaya.

Yawancinmu a hannun maƙwabtanmu Yarbawa muke gyara, kuma akwai ƙwararru a cikinsu, ni kaina a wurin Bayarabe na ƙarasa koyo. Inda ake samun saɓani shi ne mutum ya je ya ce akwai ariwo a baya, ya ajiye mabuɗi ya tafi kasuwa. Ka gaya masa a wane gudu take farawa, da totur ko ba totur, a kwana ko a miƙe, da kaya ko wayam, kuma wane aiki aka yi wa motar kafin ta fara. In harshe ya gaza, ku fita tare ka nuna masa, ko ka sa yaron mota ya ɗauki ƙarar a waya. Abin da aka cire kuma ka ce a ba ka ka gani.

Abu ɗaya da nake roƙon samarinmu, don na taɓa zuwa jana'izar wanda mota ta danne: ba a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe a ƙasa mai tauri, a sa weji. Masu ɗaga baya su tada inji su saka giya don sauraro da dogon sukuddireba, wannan aikin babba ne, da mutum a kan birki, ba babbar riga, ba carbi a wuya. In taya ɗaya ce a sama, gudunta ninki biyu ne na abin da agogo ke nunawa.

Na zo da wani kuros da ya mutu, da boris, da finiyon mai karyayyen haƙori, suna nan a kan tabarma, kowa ya ɗauka ya juya da hannunsa ya ji. Akwai kuma bas a waje da mai ita ya ce tun damina take kuka in ya saki totur. Wanda ke da tambaya ya yi yanzu, in mun gama sai mu fita mu saurare ta tun da sauran haske.